Akwatin Mai Gadi

 Ga wata magana a kan wani akwati, wadda ta daɗe tana bukatar a yi ta.

Hausawa sun ce dare mahutar bawa. To, akwai bawan Allah ɗaya wanda karin maganan nan bai shafe shi ba, shi ne mai gadi. Sa'ad da mai kanti ya ja ƙofa ya garƙama kwaɗo ya nufi gida, sa'an nan ne shi zai shimfiɗa buhunsa a bakin rumfa, ya hura 'yar wutarsa a kasko, ya jingine gora da kwari da baka, ya rataya usur a wuya. Duk wanda ya san Fagge ko Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari a shekarun baya ya san irin mutumin nan. Ya kan sa wata tsohuwar kwat mai nauyi mai maɓallan tagulla, tsayuwarsa kyam kamar an kafa sanda, komai jaurar hunturu ba ya gyangyaɗi, in awa ta cika ya tashi ya bugi ƙarfe domin unguwa ta san idonsa biyu. In baƙo ya tambaya, sai a ce masa ai tsohon soja ne, ya je Bama. Iyakar abin da yawancin mutane suka sani game da shi ke nan har ya koma ga Mahaliccinsa.

Irin wannan mutum ba ya rasa akwatin ƙarfe ɗaya a ƙarƙashin gado, wanda ko matarsa ba ta buɗewa. Ran da aka zo rabon gado aka fasa kwaɗon, abin da a kan tarar a ciki ya kan ba magada dariya, wani lokaci ma haushi, gama sun zaci kuɗi ne. Ga tauraro na tagulla mai tsini shida, rataye da ɗan ƙyalle ja da shuɗi da ruwan goro. Ga wani ɗan littafi da gara ta fara ci, da rubutun Turanci da hatimi. Ga takardun kuɗi masu hoton wani gini mai tsororuwa, waɗanda babu bankin da zai karɓa a duniya. Ga guntun ƙyalle mai santsi, ga gorar ruwa ta ƙarfe duk ta lotse, ga adda, wani ma har da takobi mai ɗan lanƙwasa wanda ba ƙirar maƙeran ƙasar nan ba ne. Malam ya duba ya ga babu abin da za a yi wa ƙima, ya ce a ci gaba da lissafin gida da gona. Kafin sadakar arba'in yara sun yi wasan kasuwa da takardun sun yayyage, ƙarfen kuwa ɗan gwangwan ya aza a sikeli ya biya abin da bai isa sayen mudun gero ba.

Wannan hasara ce babba, kuma malami da ɗan kasuwa su ne tsaye a bakin ƙofar da ta ke fita. Ɗaya ya ce ba ta da ƙima, ɗaya ya auna ta da kilo.

Ga abin da akwatin ya ke faɗi ga wanda ya iya karanta shi. Bamar nan ba Bama ta Barno ba ce. Ƙasa ce can gabas da Indiya, wadda yanzu a ke kira Miyanma. Cikin 1942 sojan Jafan suka ƙwace ta daga hannun Ingilishi, suka matso har bakin iyakar Indiya. Ingila ta ga mazaje sun yi mata ƙaranci, sai ta waiwayo ƙasashen da ta ke mulki a Afirka ta Yamma. Cikin 1943 aka haɗa runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Saliyo da Gambiya da Gwalkwas, watau Gana ta yau. An ƙiyasta mutum wajen 90,000 ne suka ƙetara, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Da yawa cikinsu samarin karkara ne waɗanda ba su taɓa ganin ruwan da ya fi Kwara ko Binuwai faɗi ba, aka zuba su a jirgin ƙasa zuwa Ikko, daga nan jirgin ruwa mako da makonni har Indiya. Hausa kuwa ita ce harshen bariki tun zamanin Lugga, har Turawan hafsoshi sai da suka koye ta, saboda haka ba a yi ƙarya ba in an ce Hausa ta yi yaƙi a Bama.

Runduna ta 81 aka tura kwarin kogin Kaladan, ƙasar duwatsu da kurmin gora, inda mota ba ta shiga. Da adda da diga suka sare dajin suka fid da hanya mai tsawon mil 70 da ɗoriya. Da suka yi nisa, abinci da harsashi daga sama a ke jefo musu, jirgi ya zo ya saki kaya da laima, kuma ba a taɓa ciyar da babbar runduna kacokan ta wannan hanya ba kafinsu. Guntun ƙyallen nan mai santsi da ke cikin akwati, yankin laimar ne. Daga inda kaya suka faɗo kuwa sai kai, gama cikin rundunar akwai dubban mutane waɗanda aikinsu dako ne, su ɗauki buhu da akwatin harsashi da gaɓoɓin igwa su hau dutse cikin ruwan sama da matsattsaku da zazzaɓi, harsashin abokin gaba bai bambanta su da mai bindiga ba. Ɗan kasuwa da ya san abin da ɗan dako ke sha tsakanin mota da rumfa, ya ƙaddara wannan. Bataliya uku na Nijeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, su kuma aka haɗa su da mayaƙan Janar Wingate da a ke kira Chindit, aka sauke su da jirgi a bayan sansanin Jafan cikin 1944. Runduna ta 82 ta biyo ta Arakan, suka haɗu da 'yan'uwansu aka ci garin Myohaung cikin Janairu 1945. Yawancinsu ba su ga gida ba sai 1946.

Sunayen wuraren nan suna nan a gari, mutane na faɗinsu kullum ba su san mafari ba. Barikin Kalapanzin da na Dalet a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Arakan da na Myohaung a Ikko, na Kaladan a Tamale, duk daga can aka ɗauko su. Hatta barikin Dodan, inda shugabannin soja suka zauna suka mulki Nijeriya shekara da shekaru, ba dodon tatsuniya ba ne, wuri ne a Bama inda aka gwabza.

Takardun kuɗin nan kuwa rupi ne da gwamnatin Jafan ta buga wa ƙasar sa'ad da ta ke riƙe da ita. Muddin sojanta na nan, da su a ke sayen shinkafa, ran da suka juya baya cikin 1945 sai suka koma ganye. Soja ya tsince su a ƙasa ya zuba a jaka, wataƙila yana zaton wata rana su yi rana. Haka fam ɗin Biyafara ya zama bayan 1970, shi ma ana samunsa cikin irin waɗannan akwatuna. Mai sana'ar canji a Wapa ya fi kowa sanin cewa takarda ba ta da nauyi sai nauyin hukumar da ta tsaya mata.

To, wani malami zai ce, ina ruwan mai allo da yaƙin Nasara? Maganarsa ba ta rasa tushe ba, kuma bai kamata a yi masa gatse ba. Rundunar da ta je Bama ɗiyar wadda ta fasa ganuwar Kano ce ran 3 ga Fabrairu 1903, ta shiga Sakkwato ran 15 ga Maris, ta tarar da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin Yuli na shekaran nan, ta share Satiru cikin 1906. Waɗanda suka ja kunamar bindiga a waɗannan wurare galibinsu ba Turawa ba ne, masu jin Hausa ne. Mutane ba su manta ba. Shi ya sa aka daɗe ana lissafa ɗan da ya shiga soja cikin ɓatattu, in ya komo da taba a baki da Turancin bariki ba a matsa masa wuri a zaure. Wasu cikinsu sun sami aikin ɗan doka ko masinja ko direba, saura kuwa sai gadi, domin mai dukiya ya san wanda ya kwana tsaye yana jiran sojan Jafan ba zai ji tsoron ɓarawon atamfa ba. Ta haka hirarsa ta koma dare. Masu sauraronsa su ne mai shayi, da ɗan dakon da bai da makwanci, da almajirin da ya fito neman garwashi. Ba ɗaya cikinsu da ya zo da tawada.

Amma a duba. Yaron da aka ɗebo daga ƙauye cikin 1942 ko haihuwarsa ba a yi ba ran da aka shiga Kano. Da yawa kuma ba su suka kai kansu ba. Takarda ce ta kan zo daga Razdan zuwa ga Sarki, daga Sarki zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa ga dagaci, a ce ana son mutum kaza, dagaci kuwa ya san gidan da ba shi da mai tsaya masa. Cikin waɗannan shekaru ne dai, daga 1942 zuwa 1944, aka riƙa ɗiban mutane tilas zuwa haƙar kuza a Jos. Wanda aka yi wa haka, a ce kuma ba za a rubuta sunansa ba domin ya yi wa Nasara aiki, an tara masa duka biyu ke nan.

Har wa yau, rubuta labari ba yabonsa ba ne, magabata kuwa sun san haka sarai. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rubuta Infaƙul Maisuri ya kawo nasarar Tabkin Kwatto, bai kuma ɓoye abin da ya auku a Tsuntsuwa da Alwasa ba. Wanda ya tara Tarihin Kano ya faro tun daga Barbushe da Tsumburbura, ba wanda ya ce ya yarda da tsafinsu. Aikin mai alƙalami ne ya ajiye abin da ya faru, mai daɗi da marar daɗi. Kuma a lura, kayan manya ba su ɓata ba. Tutar Attahiru da aka ɗauke a Burmi an mayar da ita Sakkwato cikin 1960. Sulke da lifidi da kwalkwali na gidajen sarauta duk salla ana fito da su. Samanja Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, aka kama shi a Garwa cikin 1915, ya koma wajen Ingilishi ya yi yaƙin Habasha da na Bama har ya bar aiki cikin 1953, ga bariki can a Lakwaja da sunansa. Farabiti da ɗan dako su ne ba su da komai sai akwatin nan.

Akwai wani labari da ya isa misali. Isaac Fadoyebo, Bayarabe ne daga ƙasar Owo, yana aikin jinya cikin runduna ta 81. Cikin Maris 1944 sojan Jafan suka auka musu a bakin kogin Kaladan, aka karya masa ƙafa da harsashi, aka bar shi domin an zaci ba zai tashi ba. Wani talaka Musulmi na ƙauyen Mairong, sunansa Shuyiman, shi ya ɓoye shi tare da wani sojan Saliyo, ya ciyar da su wata da watanni, alhali da an gane da shi da iyalinsa sun halaka. Fadoyebo ya komo gida, ya zauna ya rubuta abin da ya same shi, aka buga cikin 1999. Domin wannan rubutu ne wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, ya tashi cikin 2011 ya bi sawu har ƙauyen, ya iske 'ya'yan Shuyiman, ya miƙa musu wasiƙar godiya daga tsohon, shekara ɗaya kafin rasuwarsa. Musulmin wannan yanki na Arakan su ne Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 cikinsu suka gudu zuwa Bangaladash cikin 2017, aka yi ta yi musu addu'a a masallatan ƙasar nan, ba tare da an san kakannin wasu masu addu'ar sun taka ƙasarsu ba. Sojan Arewa nawa ne suka ga irin abin da Fadoyebo ya gani? Bambancin ɗaya ne, shi ya iya boko ya rubuta. Su ba su iya ba, amma a ƙofar gidan kowane ɗaya cikinsu akwai malamin da ya iya ajami.

Yanzu a komo ga tauraron tagulla, wanda tsofaffi ke kira minda. Akwai wani abu game da shi da ya kamata mai rabon gado ya sani. Lambobin yaƙin farko, na 1914 zuwa 1918, an buga sunan mai su da lambarsa da rundunarsa a jikinsu. Na yaƙi na biyu da aka raba wa sojan ƙasar nan ba a buga komai ba, bayansu fili ne. Saboda haka ran da tauraron ya rabu da ɗan littafin sallama ya zama ruwaya marar isnadi, ba mai iya cewa na wane ne har abada. Ɗan littafin da gara ke ci shi ne ran akwatin. A cikinsa a ke samun lambar soja, ta 'yan Nijeriya tana farawa da haruffan NA, ta 'yan Gwalkwas da GC. Lambar kuwa ta fi suna amfani, gama magatakardan bariki ba ya tambayar sunan uba, sai ya haɗa sunan yanka da sunan gari, har a sami Musa goma duk na Kano cikin bataliya guda.

Ga amfaninta. A Taukkyan, kusa da birnin Yangon, akwai maƙabartar soja da ginshiƙai waɗanda aka sassaƙa sunan mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu da 'yan Afirka ta Yamma. Akwai wasu kaburbura a Chittagong. Hukumar da ke kula da su ta zuba sunayen a intanet, yaron gida mai waya zai iya nemowa. Gida nawa ne a ƙasar Hausa da aka ce musu kawunsu ya tafi yaƙin Hitila bai komo ba, shi ke nan? Wataƙila wasiƙarsa mai ɗauke da lambarsa tana cikin akwatin abokin tafiyarsa. Kada kuma a ce ai Bature ya rubuta komai. Ita hukumar da kanta ta amsa cikin 2021 cewa cikin mamatan yaƙin farko akwai aƙalla 116,000, galibinsu 'yan Afirka, waɗanda ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Abin da a ke roƙon malami ba mai wuya ba ne, bai kuma taɓa rabon kowa ba. In ya tarar da irin wannan akwati cikin tarika, kada ya wuce shi. Ya sa a yi masa ƙima daidai yadda kasuwa za ta biya, in akwai maraya cikin magada a fid da haƙƙinsa da kuɗi, sa'an nan ya shawarci baligai su yarda a bar kayan a haɗe a hannun mutum ɗaya amana. Ya ɗauki warƙa guda ya rubuta sunan mamacin da na ubansa da garinsa da lambarsa, da duk abin da matansa da 'ya'yansa suka ji daga bakinsa, ya rubuta wanda ya faɗa da ranar da aka faɗa, ya sa cikin akwatin. Aikin yini ɗaya bai kai ba. In an ɗauki hoton takardun da waya aka kai Arewa House a Kaduna, wanda tun 1970 aka kafa shi domin irin wannan, ko Gidan Makama a Kano, ya fi kyau. Ɗan gwangwan da dillalin tsofaffin kaya su kuma, in minda ta zo hannunsu su tambayi gidan da ta fito kafin su jefa ta cikin buhun tagulla. Sai dai a yi hattara da abu ɗaya. Wani akwatin a kan sami harsashi ko gurneti a ciki, tsufa kuwa ba ya kashe albarushi, ƙara masa saurin fushi ya ke yi. Wannan ba na sikeli ba ne ba na guduma ba, a bar shi inda ya ke a kira hukuma.

Mazajen Bama dai sun ƙare ko sun kusa, gama wanda aka ɗauka yana da shekara 18 cikin 1943 yanzu ya kai ɗari. An makara a kansu, sai abin da 'ya'yansu da tsofaffin masu kanti suka riƙe, amma harbi a wutsiya ya fi kuskure. Bakin rumfa kuwa bai zama kango ba. Bayan su Buzaye suka shigo aikin gadi, waɗanda farin 1973 ya raba da dabbobinsu, kowa da takobinsa da butar shayinsa da nasa labarin. Tare da su akwai waɗanda suka je Kwango tsakanin 1960 da 1964, inda barikin Bukavu na Kano ya samo sunansa, da dubban da aka ɗauka lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 aka sallame su bayansa, da waɗanda suka je Laberiya cikin 1990 da Saliyo bayanta. Wasunsu suna nan daren yau a ƙofar shagon wani mai karatun nan, kan albashin da ba ya kai su tsakiyar wata, mai shagon bai taɓa tambayarsu ko sunan bataliyarsu ba.

Alhaji ya ƙara wa mutumin nan wani abu a kan albashinsa, wannan daban. Sa'an nan wani dare bayan lisha ya aiki ɗansa ko almajirin malaminsa da takarda da alƙalami da ɗan goro, ya zauna kusa da kaskon wutar ya ce, Baba, mece ce lambarka? Tsohon soja ya kan manta shekarunsa, ba ya manta lambarsa, daga nan kuma sauran zai biyo. Kada a jira baɗi. Wanda ya je Kwango cikin 1960 yana ɗan shekara 20, bana ya haura 80.